Ƙarfen da iska ke kaɗawa: amsa ga matasan Tawa

Tambaya: Salamu alaikum, yaya. Mu ƙungiyar matasa ce a Tawa. Mun yi karo-karo muna son kafa wani abin tunawa na ƙarfe a filin unguwarmu domin ranar ƴancin kan Nijar, 3 ga Agusta. Mun ga bidiyon irin waɗanda ake yi a ƙasashen waje, iska ce kaɗai ke juya su, ba inji ba lantarki. Zai yiwu a nan? Da wane ƙarfe za a yi, kuma wace siffa ce za ta nuna ƴanci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zai yiwu, kuma kusan duk abin da ake buƙata akwai shi tsakanin Tawa da Yamai. Na haura shekara talatin ina walda a Yamai. Da gyaran famfon rijiya mai farfela na fara, irin wanda iska ke juyawa ya jawo ruwa, daga baya na koma ƙofofi da hasumiyar tankin ruwa. Ni da iska mun san juna, ta sha cin kuɗina.

Sa ƙarfe ya motsa abu ne mai sauƙi. Yaron da ya haɗa farfela da kara da takarda ya sheƙa da gudu ya riga ya gano sirrin. Wahalar tana inda bidiyo ba ya kai ku: a ce abin ya motsa ranar da iska ba ta fi numfashin jariri ba, kuma shi ɗin dai ya kwana a tsaye ranar da hadari ya kwashe kwanon masallaci. Waɗannan buƙatu biyu kishiyoyin juna ne, kuma duk aikin ƙera irin wannan abu sulhu ne tsakaninsu.

Iskarmu iri uku ce a wajen mai ƙira. Akwai ta hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, tana fitowa daga arewa maso gabas da ƙurarta. Ku lura da ita, da hantsi take ƙarfi, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, in yamma ta yi sai ta lafa. Akwai ta damina, daga kudu maso yamma, mai laushi, ita ce abokiyar aikinku. Sai ta gaban hadari, wadda ke tasowa daga gabas da jan bangon ƙura, ta zo cikin mintoci kaɗan ba sallama. Ku ƴan Adar ba sai na kwatanta muku ita ba. Ba don wasa aka jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun daga 1975 ba, iska ce ke kwashe ƙasar gona.

Ga lissafin da nake so ku rubuta a bangon wurin aikinku. Faifan ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in ya fuskanci iska mai gudun kilomita 20 a awa, tura shi take da nauyin kilo 2 ko ɗan fiye. In gudun ya kai 40, kimanin kilo 9. A kilomita 100, kimanin kilo 55, ya fi buhun siminti. A 150, wajen kilo 120. Wato in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. To ku ɗauka kun ɗora faifai mai murabba'in mita biyu a kan sanda mai tsawon mita shida. Ranar babban hadari, kamar ƙarti huɗu ne suka ɗaura igiya a ƙolin sandar suna fizga, suna saki, suna fizga. Duk wannan wahala a gindin sandar take taruwa. Ni da 150 nake lissafi, ko da ba za ta zo ba sai sau ɗaya cikin shekaru, domin sau ɗayan ya isa.

Bari in ba ku labarin kunyata. Wata shekara wani mai masaukin baƙi a bayan garin Yamai ya ce in yi masa abin da zai ja idon masu wucewa. Na raba duro biyu a tsaye, na kafa ɓangarorin a kan sanda suna kallon saɓanin juna, dabarar da wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Sigurd Savonius ya fitar a shekarun 1920, wadda ke juyawa ko daga ina iska ta zo. Na shafa musu launin tuta. Duk hunturun nan abin yana ta wulwulawa, yara na taruwa kallo, ni ma in na wuce a babur sai in rage gudu in ji daɗi. Hadarin farko na watan Yuni, bayan isha'i, mai gadi ya kira ni yana haki. Da asuba na je na tarar da rabin duro a gidan maƙwabci, ya tsallake katanga ya fasa randa biyu, taku uku daga tabarmar da yara ke kwana in ana zafi. Allah ne ya tsare. Da na ɗauki guntun sandar na duba bakin karayar, sai na ga fiye da rabinsa sumul yake, da ƴan layuka a jere kamar zanen ƙwarya, ɗan abin da ya rage ne kawai ke da kaushi irin na sabuwar karaya. Ma'ana, tsagar ta daɗe tana ci a hankali tun cikin hunturu, daidai gefen waldata, hadari ƙarasawa kawai ya yi. Ƙarfe yana gajiya. Ku ɗauki waya ku yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta tsinke ba tare da kun sa almakashi ba. Abin da ke juyawa dare da rana yana yin wannan lanƙwasar sau dubbai a yini.

Tun daga ranar na daina son abin da ke wulwulawa da gudu. Kuma shawarata ta farko gare ku ke nan: kada ku yi farfela. Farfela ba ta da birki, iska na ƙaruwa tana ƙara gudu har ta kashe kanta. Ku yi abin da ke rangaji, ya je ya dawo, kamar zangarniyar gero a gona.

Yadda ake samun rangaji, ku dubi ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa da garwa biyu. In nauyin ya daidaita, da ɗan yatsa za ka iya karkata sandar. Haka za ku yi: dogon hannu marar nauyi a sama, gajeren hannu mai nauyi a ƙasa, ƙusar juyi a tsakani. A sa na ƙasa ya ɗan rinjayi na sama kaɗan, don in iska ta kwantar da shi ya miƙe da kansa. Gwargwadon ƙanƙantar rinjayen, gwargwadon nutsuwar tafiyarsa. Wani Ba'amurke, George Rickey, wanda ya rasu a 2002, a kan wannan ya ƙare rayuwarsa: dogayen takubba na ƙarfe marar tsatsa, cikinsu rami, da nauyi a ɓoye a gindi, suna tafiya a hankali kamar mai alwala ko da ganye bai motsa ba. Kafin shi akwai Alexander Calder, wanda ya karanci aikin injiniya kafin ya koma fasaha, aikinsa na 1958 yana nan a harabar hedikwatar UNESCO a Paris. Amma wanda na fi so ku nemi hotunan aikinsa shi ne Vollis Simpson, mai gyaran injinan gona a jihar Karolina ta Arewa, ɗan uwanmu a sana'a, wanda ya yi ta haɗa manyan abubuwa da tarkacen keke da allunan hanya har garin Wilson ya keɓe musu fili guda a 2017. Sai dai ku sani, kafin a kai su filin sai da aka kwashe shekaru ana kwance su ana gyara, don rana da ruwa sun ci su.

Daidaita nauyin nan a ƙasa ake yinsa, cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ina ɗora hannun a kan ƙusarsa tsakanin benci biyu, in riƙa ƙara wanki ɗaya ɗaya a gindin, ina nufin ƴan zobban ƙarfen nan da ake sa wa ƙusa, har sai in na tsaya taku biyu na hura da baki ya amsa. Kuma sai an gama fenti ake daidaitawar ƙarshe. Fenti na da nauyi, a ƙarshen hannu mai mita uku shafa biyu kan ɓata lissafin yini guda.

Ranar hadari kuwa, dabara ita ce ka hana iska wurin kamawa. Hannun da ke rangaji yana kwantawa da kansa ya ba ta hanya, kamar yadda kaba ke tsira inda gawo ke karyewa. A huda faifan da ramuka, ko a raba babban faifai zuwa ƙanana masu yawa. A sa masa iyaka inda zai tsaya, a lulluɓe wurin da guntun taya don kada ƙarfe ya doki ƙarfe. Kuma a yi ramin sakata, yadda in an ga gabas ta yi ja mutum ɗaya zai iya kulle shi daga ƙasa. Amma kada ku dogara da sakatar. Hadari ya fi son ƙarfe biyun dare.

Yanzu maganar da ta fi kowace kashe irin wannan aiki a ƙasarmu, wato ƙura. Abin da ke sa hannun ya juya ba gardama shi ne boris, wanda mu a nan muka fi kira rulma. Nan ne ba na yarda a yi arha. Komai ku saya a kasuwar Katako in kuna so, bututu, faifai, ƙarfen nauyi, amma rulma ku sayi sabo, rufaffe ta fuska biyu, za ku ga an rubuta 2RS a ƙarshen lambarsa. Sannan ku ƙera masa malfa ta ƙarfe da za ta rufe shi daga sama ta sauko gefe. Kuskuren da kowa ke yi shi ne lafta giris a waje don a ji daɗin juyi. Giris da ƙurar hunturu in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, cikin wata uku za su cinye sandar. Wani abokin gaban da littattafan Turawa ba su san shi ba shi ne baƙar leda. Iska za ta kawo ta, ta naɗe a wuyan juyin, rana ta narkar da ita a ciki. Malfar nan ita ce maganinta, da kuma yaro mai tsani sau ɗaya a wata.

Batun ƙarfe, ginshiƙi a yi shi da bututun baƙin ƙarfe mai kauri, a kankare tsatsa, a sa jan fentin hana tsatsa kafin launi. Sassan da ke motsi sun fi kyau da alminiyom, don nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, ko kuma inokis, wato ƙarfe marar tsatsa, marar kauri in aljihu ya kai. Alminiyom na son mai walda na musamman, kuma wurin waldarsa ya fi saurin gajiya, saboda haka ni da ƙusar rabit nake haɗa shi. Inda alminiyom zai taɓa baƙin ƙarfe ku raba su da roba. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu da laima, ɗaya na cin ɗaya. Ko mutum-mutumin ƴanci na birnin New York, wanda Faransa ta ba Amurka aka buɗe a 1886, wannan ciwon ya kama shi. Fatarsa tagulla ce da kaurinta bai kai milimita uku ba, an ɗora ta a kan ƙashin ƙarfen da Gustave Eiffel ya tsara yadda za ta iya ɗan motsawa da iska da zafi. Abin da aka sa tsakanin tagullar da ƙarfen ya lalace, tsatsa ta ci sandunan, sai da aka sauya su da ƙarfe marar tsatsa a gyaran da aka kammala a 1986. Mu laimarmu ba ta kai tasu ba, su a bakin teku suke, amma damina wata uku ta isa ta fara aikin. Kuma ku bar ɗan sarari a mahaɗa. Ƙarfen da aka ɗaure tam da sanyin Janairu zai kumbura ya cije a zafin Afrilu, alminiyom kuma ninki biyu yake miƙewa.

In kun yi da inokis kada ku goge shi ya zama madubi. Hasken rana zai riƙa dukan idon masu babur. A bi shi da injin gurza a yi masa zane, sai ya riƙa walƙiya a hankali. Launin lemo na tuta kuwa, ku sa a ranku shi ne zai fara koɗewa, sai an sabunta.

Gindi ba na ba da awonsa daga nesa. Ƙasar Tawa wani wuri rairayi ne, wani wuri dutse, wanda ya gani shi zai faɗa. Ku samu injiniyan gine-gine ya yi muku lissafi da nauyin iskar da na ba ku. Abin da zan ce kawai, kankare mai mita ɗaya ta kowace fuska yana da nauyin kimanin kilo 2400, kuma ga abin da ya kai mita shida da wuya ƙasa da haka ta wadatar. Simintin Malbaza na kusa da ku, kada a yi rowarsa. A sa waya mai kauri daga ƙoli zuwa cikin ƙasa saboda tsawa. A nisanci wayoyin lantarki na Nigelec, a auna yadda ko ya faɗi ba zai kai kan hanya ko katangar wani ba, kuma mafi ƙasan abin da ke motsi ya wuce mita uku daga ƙasa, don yara za su yi lilo da shi in hannunsu ya kai. Notin gindi a bi su da walda bayan an ɗaure, masu jari-bola ma suna son ƙasa amma sun fi son alminiyom. Takardar izini daga ofishin magajin gari a same ta kafin a haƙa rami.

Sai siffa, wadda na san ita ta fi damunku. A nan ra'ayina zan faɗa, ku ɗauka ko ku bari.

Kowa ya tashi nuna ƴanci sai ya yi tsuntsu ko sarƙa a tsinke ko hannu a dunƙule. An yi su har sun gundura, kuma ba namu ba ne. Siffar mutum kuma, ko ta Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, shekarar da rundunar ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni nan jiharku, ko ta Kawusan da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916, za ta jawo muku maganar surar mai rai. Hukuncin na malamai ne, amma a matsayina na mai aiki na san abin da rabin unguwa ke kawar da kai daga gare shi ba zai samu mai shafa masa fenti ba. Sunayensu a rubuta a allon gindi, ya fi. Kuma ku guji kibiyar nan da ke juyawa ta nuna inda iska ta dosa. Ku san bakin mutanenmu, kafin sati za a sa mata suna ɗan siyasa.

Ku buɗe tambarin ƙasa ku duba. Akwai rana a tsakiya, akwai mashi da takubba biyu, akwai zangarniyar gero uku, akwai kan sa. Geron nan shi nake hango muku. Ba abin da Ba'adare ya fi sanin rangajinsa kamar gero in ya fitar da kai, kuma duk wanda ya taɓa ganin shekarar fari ya san mai rumbu cike shi ke da bakin cewa a'a. Ku yi zangarniya takwas, adadin jihohinmu har da Yamai, tsawonsu ba ɗaya ba, kowace da ƙusarta da nauyinta, dukkansu daga gindi guda. Da yake tsawonsu ya bambanta, kowace da saurin rangajinta, ba za su taɓa yin tafiyar soja ba: wannan ta sunkuya, waccan ta miƙe, su gifta juna ba su gogu ba. A tsakiya a kafa faifan rana mai launin lemo, a huhhuda shi, shi ba ya motsi. A jikin gindin kuna iya sa kuros ɗin Tawa da maƙeran azurfarku ke yi, a ƙasa a rubuta 18 ga Disamba 1958, ranar jamhuriya, da 3 ga Agusta 1960. Wanda ya tsaya gabansa minti biyar ba sai an yi masa bayani ba. Tunda kuma 3 ga Agusta ranar dashen itace ce, ku dasa a kewaye, amma da nisa kuma gajeru, kada nan da shekara goma su tare muku iskar.

Kada ku raina tarkace. Itacen Tenere da wata babbar mota ta kaɓe a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Bubu Hama a nan Yamai, abin da ke tsaye a madadinsa a hamada ƙarfe ne da aka harhaɗa, kuma matafiya na ɗaukar hoto da shi har gobe.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a so a ji. Kun ga abubuwan da aka ƙawata garinku da su lokacin bikin 18 ga Disamba na Tawa Sakola a 2017, kun fi ni sanin wanne ke nan da kyansa, wanne ya koma wurin ɗaure akuya. Gini in an manta da shi yana nan a tsaye. Abin motsi in an manta da shi tsayawa yake, ko ya koma kuka kamar tsohuwar amalanke ya hana maƙwabta barci. Saboda haka daga kuɗin da kuka tara ku cire kashi ɗaya cikin biyar ku ajiye, kada a taɓa, na rulma da fenti ne. A naɗa mutum biyu da suna, su duba shi sau biyu a shekara, a Mayu kafin hadarin farko da Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Su goge gefen kowace walda su duba da tocila, in sun ga siririn layin tsatsa kamar gashi to tsaga ce, a kulle a gyara a ranar.

Ku yi haƙuri da 3 ga Agustan bana, tsakiyar damina ce, ba na son ku kafa abin da ba a gwada ba mutane na tsaye a ƙarƙashinsa. Ku fara da zangarniya ɗaya mai mita biyu, ku kafa ta a bayan gari inda ba kowa, ku bar ta ta sha hadarin damina guda. In ta fita lafiya, Oktoba da Nuwamba sun ishe ku ƙera babbar, ku buɗe ta 18 ga Disamba da hantsi, lokacin da iskar hunturu ke kan aikinta. Ku turo mini zanen da awon filin, da hoton bakin waldar mai aikinku a kusa, in duba kafin ku yanka ƙarfe.